Mu Fito Mu Zaɓi Mai Amana

Jawabin da wakilin Jam'iyyar Ittihadi Dimukuraɗi ta Asali ya yi wa jama'ar ƙauyukan iyaka na Jihar Gadarif, watan Maris 2010. Sunan ɗan takararmu na Majalisar Ƙasa da hotonsa suna bangon wannan takarda.

 

Iyayenmu malamai, shehunan ƙauyuka, dattawa, iyayenmu mata da kuka baro girki kuka zo, samari da 'yan mata, sannunku da zuwa. Na san wasunku tun hantsi suke hanya, daga bakin Atbara, daga Basunda, daga wajen Doka da Gallabat. Allah Ya saka da alheri. Ba zan tsare ku har magariba ba.

Ranar Lahadi 11 ga Afrilu za a fara jefa ƙuri'a, a ci gaba Litinin da Talata. Rabon ƙasar nan da zaɓen jam'iyyu da yawa tun Afrilun 1986. Shekara 24 ke nan. Duk wanda bai kai arba'in ba a cikinku bai taɓa shiga irin wannan layi ba. Gwamnatin da aka zaɓa a wancan karo, sojoji suka kifar da ita ranar 30 ga Yuni 1989, kuma waɗanda suka hau ran nan su ne har yau a kan kujera. Yanzu sun zo da alamar bishiya suna neman ku sa musu hannu su ƙara. Mu kuma mun zo da alamar sanda, muna neman ku saurare mu kafin ku yanke.

Bari in fara da abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu Hausawa. Kun tuna watan Oktoba 2008, lokacin da jaridar Al-Ayyam ta buga maganar da ta danganta ga shugaban ƙasa, cewa wai mu ba 'yan Sudan ba ne. Fadar shugaban ta musanta. Amma kun ga yadda jama'armu suka cika titunan Gadarif, domin maganar ta taɓa wani tsohon miki. Wanene a nan bai san wahalar neman jinsiyya ba? A ce ka kawo shaidu, ka kawo, a ce ka kawo takardar kakanka, ka je ka dawo, ka je ka dawo, alhali maƙwabcinka a yini ɗaya ya gama. Kakanninmu sun taka hanyar hajji tun kafin Bature ya ja iyakokin nan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin Shuɗin Nilu, garin da ya kafa yana nan da sunansa har gobe. Tun da aka fara noman tarakta a Gadambaliya cikin shekarun 1940, hannun wa ya yi shema, hannun wa ya yanke riɗi? Kuma sashe na 7 na Tsarin Mulkin Riƙon Ƙwarya na 2005 ya ce duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne, haƙƙinsa na zama ɗan ƙasa ba mai ƙwace masa.

To, amsar da ta fi zanga-zanga ƙarfi tana hannunku. Wanda ya yi rajista a watan Nuwamba ko farkon Disamba, sunansa yana cikin littafin Hukumar Zaɓe, baƙi a kan fari. Idan ka zauna a gida ranar zaɓe, kai da kanka ka taya masu cewa ba ka cikin lissafi.

Wani zai ce, mene ne ruwana da Majalisar Khartum, ni da ke fama da gonata? Ruwanka ne, har ya kai maka wuya. A watan Janairu mai zuwa mutanen Kudu za su yi ƙuri'ar raba gardama, su zauna ko su tafi. Mafi yawan rijiyoyin man da ake sayarwa tun 1999 suna can wajensu. Idan suka tafi, baitulmali zai rame, kuma idan ya rame ina za a juyo? Wajen dawa da riɗi da ƙaro da dabbobi. Wato wajenku. Majalisar da za ku zaɓa yanzu, mai kujeru 450, ita za ta zauna a kan kasafin kuɗin wannan lokaci, ita za ta ce a ƙara haraji ko a rage. Ranar da za a ɗora sabon kaya a kan buhun riɗinku, kuna son wanda zai miƙe ya ce a'a, ko wanda zai duba fuskar manyansa kafin ya ɗaga hannu?

Ku duba abin da aka yi da shekarun da man yake gudana. Jihar da ake kira rumbun Sudan, mai babbar kasuwar amfanin gona da babban rumbun ajiyar hatsi, ita ce wadda mutanen babban birninta ke bin amalanken jaki suna sayen ruwa duk rani, suna jiran famfon Shuwak ya tausaya. Ƙauye kuwa, idan hafir ya ƙafe, sai mata su kama hanya tun asuba. A ƙauyukan bakin Atbara da Rahad, kala-azar yana ɗaukar yaranmu. Ɗan ƙaramin ƙuda ne da ke ɓuya a tsagar baƙar ƙasa da gindin aduwa, ya ciji yaro, zazzaɓi ya ƙi sauka, saifa ta kumbura. Ciwon yana da magani, allura ce kullum har wata guda. Abin da ke kashe yaran shi ne nisan asibiti da hanyar da damina ke yankewa.

A ranar 14 ga Oktoba 2006 an sa hannu a Asmara kan yarjejeniyar zaman lafiyar Gabas, aka kafa asusun gina jihohi uku, Bahar Maliya da Kasala da Gadarif, aka ce dala miliyan 600 cikin shekara biyar. Mun shiga shekara ta huɗu. Ni ba na ce ba a yi komai ba. Tambayata ita ce: wa ya taɓa zuwa ƙauyenku ya karanta muku nawa aka saki, nawa ya iso jihar nan, me aka gina da shi, wa aka ba kwangilar? Kuɗin da aka karɓa da sunanku, ba ku da ikon jin lissafinsa?

Sai maganar Fashaga, wadda kun fi ni saninta. Iyakar nan an yi yarjejeniyarta a 1902, Baturen Ingila Gwynn ya bi ya kafa alamu a 1903. Amma tun tsakiyar shekarun 1990 gonaki suke fita daga hannun manomanmu, 'yan shifta suna kore shanu, suna kama mutum sai an biya fansa. Ba mu da gaba da talakan Habasha. Muna ciniki da shi tsakanin Gallabat da Matamma, yana zuwa mana aikin yankan riɗi, tare muke shan rana. Abin da muke nema shi ne gwamnatoci biyu su zauna su sake kafa alamun iyaka, manomi ya san inda zai shuka ya girbe da ransa. Kwamiti bayan kwamiti, shekara bayan shekara, shiru kake ji. Ana bukatar bakin da zai riƙa maimaita maganar a zauren Majalisa har ta ishi masu mulki.

Yanzu ga mutumin da muka kawo muku.

Ba baƙo ba ne. Da yawa cikin samarin da ke tsaye can baya shi ya koya musu karatu da lissafi. Shekarun da ya riƙe asusun ƙungiyar manoman yankinsu, duk bayan kaka sai ya tara mutane ya buɗe littafi ya karanta da ƙarfi: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga saura. Wanda bai gamsu ba ya zo ya duba da idonsa. Da ya sauka, ya miƙa littafi da kuɗi cif. Gidan da kuka san shi a ciki, a ciki yake har yau. Kada ku tsaya a kan maganata, ni ɗan jam'iyyarsa ne, dole in yabe shi. Ku tambayi waɗanda suka yi mu'amalar kuɗi da shi, ku tambayi ma waɗanda ba sa shiri da shi. Mai hali ba ya barin halinsa, kuma wanda ya riƙe amanar buhu goma shi ake gwadawa da ɗari.

Ya kuma ɗaure kansa da abin da za ku iya kama shi da shi. Kafin ranar zaɓe zai rubuta duk abin da ya mallaka, gona da gida da dabba, ya ajiye takardar a hannun dattawan mazaɓa, domin ranar da wa'adinsa ya ƙare a fito da ita a gwada. Ba zai karɓi kwangilar gwamnati ba, shi ko ɗansa ko ƙaninsa. Duk wata uku zai dawo ya zauna da ku a fili, ya faɗi dokokin da aka kawo da yadda ya jefa ƙuri'arsa a kan kowace. Da Larabci, da Hausa kuma, don tsohuwar da ba ta jin Larabcin rediyo ita ma ta fahimta.

Wannan zama da jama'a ba yau ya fara shi ba. Tun bayan girbi yake zagaya ƙauyuka da ɗan littafinsa, yana sauraro fiye da yadda yake magana. Ya zauna da manoman da damunar bara ta yi wa gardama, waɗanda suka ci bashin salam. Kun san yadda abin yake: a ba ka kuɗi tun kafin shuka, a yanka wa buhunka farashi tun yana cikin ƙasa, ka sa hannu a ceki. Ruwa ya ɗauke, ceki ya dawo, sai kurkuku har ka biya. Mutum yana tsare, da me zai biya? Ƙaramin manomi mai bildat kuwa, banki ma bai san da shi ba, sai ya faɗa hannun mai shel, ya ci rabin amfaninsa. Ya zauna da mata ya ji maganar ungozoma da kuɗin makaranta. Ya zauna da samarin da suka gama sakandare amma rashin jinsiyya ya tsayar da su. Abin da ke cikin shirinsa daga bakinku ya fito, shi ya sa ba shi da tsawo.

Kuma bai yi muku ƙarya ba game da iyakar ƙarfinsa. Ɗan majalisa ba ya haƙa rijiya, ba ya shimfiɗa kwalta. Duk wanda ya ce muku zai kawo kwalta daga aljihunsa, ku tambaye shi ina ya samo kuɗin. Aikin ɗan majalisa shi ne ya kira minista ya amsa tambaya, ya bi diddigin kasafi, ya nemi a gyara dokar da ke ɗaure manomi kan bashin da fari ya jawo, ya ƙi abin da zai cuce ku ko da shi kaɗai ne ya ƙi.

Ba don ƙabila muke neman ku zaɓe shi ba. Ƙishirwar da ke damun Bahaushe ita ke damun Masalati da Bafillace da Babarbare da Balarabe maƙwabcinsa. Jam'iyyar nan ta Isma'il al-Azhari ce, wanda ya ɗaga tutar 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956. Shugabanta, Sayyid Muhammad Usman al-Mirgani, shi ya sa hannu da John Garang a Addis Ababa a watan Nuwamba 1988 don a tsayar da yaƙi. Juyin mulki ya tare hanyar, aka ƙara shekara 16 ana zubar da jini kafin a sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a 2005.

Na san abin da ake faɗa a majalisun shayi: an riga an gama, za a yi maguɗi, me ya sa zan wahalar da ƙafata? Har wasu jam'iyyu suna maganar ƙaurace wa zaɓen. Ba zan ce muku filin a daidaice yake ba. Rediyo da talabijin da motocin hukuma duk suna gefe ɗaya. Amma ku yi tunani, wace ƙuri'a ce ta fi sauƙin sata? Ta wanda bai zo ba. Sunansa yana littafi, wurinsa babu kowa. Akwatin da mutane suka cika, wakilai suka tsare, aka ƙirga a gabansu, taɓa shi sai an sha kunya.

Za a zo muku da sukari da mai da 'yan jinihohi. Ni ba zan ce wa mai yunwa ya mayar da abinci ba, daga dukiyar ƙasa ya fito, kuna da rabo a ciki. Sai dai sukarin zai ƙare kafin azumi, kujerar kuwa shekaru za ta yi. Wanda aka matsa masa ya yi rantsuwa, ya je wajen malaminsa ya tambayi hukuncinta, ga su nan zaune. Wanda aka karɓe masa 'yar takardar rajista, kada ya karaya, ba a karɓe sunansa daga littafi ba. Bayan labule kuwa ba mai ganin inda ka sa alama, ba ɗan lajna, ba shehun ƙauye, ba mijinki.

Iyayenmu mata, kashi 25 cikin ɗari na kujerun Majalisa naku ne, da takarda ta musamman. Ku fito da wuri, ku zo da maƙwabta.

Takardu takwas za a ba kowa: ta shugaban ƙasa, ta wali, uku na Majalisar Ƙasa, uku na Majalisar Jiha. Kada yawansu ya ruɗa ku. A kowace ku nemi sanda, ku sa alama ɗaya tak. Alama biyu ta ɓata takarda. Ku zo da shaidar da kuke da ita, wanda ba shi da ita ya gaya wa wakilinmu na ƙauyensa tun wannan mako, a nuna masa yadda zai yi. Muna kuma neman samari biyu masu karatu daga kowane ƙauye da za su zauna a rumfar zaɓe tun buɗewa har rufewa, kwana ukun nan, su rubuta lambar hatimin akwati kowane dare, su tsaya har a gama ƙirga. Mai so ya ba da sunansa a teburin da ke gindin bishiyar can kafin mu watse. Masu tarakta da amalanke kuma su tsaya, za mu tsara ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya.

Allah Ya kai mu ranar lafiya. Wassalamu alaikum.