Elf Ko Aljani? Hirar Masoya Littattafan Almara

Daga nan Dangoma nake magana, ƙaramar hukumar Kalgo, jihar Kebbi. Waɗanda datarsu ba ta kai su saurari muryar ba, ga rubutun shirin kamar yadda muka saba.

Makon jiya na tambaye ku, a cikin halittun littattafan almara, wace ƙabila ta fi burge ku? To amsoshi sun zo. Wasu suka ce Elf, dogayen nan masu tsinin kunne na littattafan Tolkien, waɗanda ba su tsufa. Wasu suka ce Dwarf, gajerun maƙera masu gemu da ke zaune cikin duwatsu. 'Yan Harry Potter kuwa suka ce su dai a bar su da masu sandar sihiri. Amma wata 'yar'uwa ta rubuto cewa ita aljani za ta zaɓa, sai dai ta jira gari ya waye kafin ta rubuta sunan. Na yi dariya sosai. Daga baya na ga ashe ita ce ta taɓo zancen, kuma a kansa za mu tsaya yau.

Mu fara da wani abu da da yawa ba su lura da shi ba. A 1937 Tolkien ya fitar da The Hobbit a Ingila. A wannan shekarar ce Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fara fitowa daga Zariya, inda aku ke tsare ɗan sarki Musa da labarai don kada ya fita fada. Kafin nan ma, a gasar da Rupert East ya shirya a 1933, an samu Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam ya bazama duniya neman ruwan magani, yana cin karo da Malam Zurƙe, har aljanu suka shigo cikin tafiyar. An kuma samu Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam: jarumin da ya gwabza da Turawa, ya nausa gabas, ya faɗa ƙasashen aljanu. Sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda tushensa labarin wani jarumin Rasha ne amma ya sha rawani ya zama namu. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Kun ga ke nan ba jiya muka fara ba.

Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, littattafan yaƙi ne suka kama ni. Ina sakandare nake hayarsu, 'yan sirara masu hoton takobi a bango, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. In littafi na ɗaya ya ƙare daidai lokacin da aljani ya ɗaga sadauki sama, wallahi ranar ko tuwo ba ya daɗi sai an samo na biyu.

To ga inda muka bambanta da Turawa. Wanda ya karanta Tolkien ya rufe littafi, ba ya tsoron haɗuwa da Elf a bayan gida. Ya san ƙirƙira ce. Mu kuwa aljani ba ƙirƙira ba ne. Akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, kuma tun muna yara aka hana mu zama gindin tsamiya da tsakar rana, aka ce kar a watsa ruwan zafi ba bisimilla. Shi ya sa marubucinmu yake tafiya kamar mai taka ƙaya. In ya yi ƙarya da yawa a ce ya taɓa addini, in ya rage labari ya yi lami. Hanyar da mafi yawa suka bi ita ce su kwashe labarin su kai shi can nesa, wani birni mai sunan Larabawa a wani zamani da ba a sani ba, irin na Dare Dubu da Ɗaya. Can aljani zai yi abin da ya ga dama ba mai cewa uffan.

Dabarar ta yi aiki, ban musa ba. Amma ta jawo muna asara. Halittun da suke namu na tatsuniya, waɗanda ba wanda zai ce an taɓa aƙida in an yi wasa da su, an bar su a zaure. Ina Dodo? Ina Gizo da Ƙoƙi? Ina Botorami? Kakata in ta fara labarin Dodo, har ƙafa muke janyewa daga bakin ƙofa. Amma har yau ban karanta littafin da ya ba dodanni gari ba, da sarki, da yare, da dalilin da ya sa suke gaba da mutane. Abin da Tolkien ya yi ke nan fa. Elf da Dwarf ba shi ya fara faɗinsu ba, daga tsofaffin labaran mutanen arewacin Turai ya ɗauko su, ya zauna ya ƙera musu harshe da tarihi. Tomi Adeyemi ma haka ta yi da al'adun Yarbawa a Children of Blood and Bone a 2018, duniya ta karanta.

Mu nan ƙasar Kabi me muka rasa? Ga Kanta, wanda ya kafa daula a ƙarni na 16, ga kufan ganuwar Surame ta duwatsu tana nan har gobe. Ga gulbi, ga masunta da labaransu na 'yan ruwa, ga Sarkin Ruwa da ke duba Matan Fada kafin a faɗa kamun kifin Argungu. Ga mu Fulani da labaran daji da na shanu, waɗanda tsofaffi kaɗai suka riƙe. Ka ɗauki yarinya ɗiyar masunci, ka sa ta nutse ta tarar da gari a ƙarƙashin ruwa mai kasuwarsa da dokokinsa. Wa zai ajiye wanga littafi?

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Tsofaffin da suka san labaran nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, mu kuma da dare kowa fuskarsa na kan waya. Ƙanena ya san sunan makarantar Harry Potter, amma da na tambaye shi matar Gizo sai ya yi zuru. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya zaunar da shi.

Don haka ga aikin wannan mako, kuma ba ya cin ko kwabo. Ka je wurin kakarka, ko gwaggo, ko Inna, ka ce ta yi maka tatsuniya ɗaya. Ka nemi izininta ka naɗa a waya. Sannan ka rubuto muna: wace halitta ce a ciki, ina take kwana, me take ci, me take tsoro? Wanda bai da kaka a kusa, ya nemi Ruwan Bagaja ya karanta, ba shi da tsawo.

Ni dai zaɓina Dodo ne, kuma na fara rubuta masa gari. 'Yar'uwa mai jiran gari ya waye, ke ma muna jiran naki.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ƙurunƙus.