Idan Rana Ta Take Tsaka: Uwargida Da Shekara 40

Wadda ke tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, wadda ke bakin murhu ta ɗan jawo rediyo kusa, domin zancenmu na yau babu wadda bai shafa ba. Wadda ba ta kai ba tana kan hanya, wadda ta wuce kuwa sai ta saurara ta ji ko mun faɗi daidai.

Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da wasiƙa, ta roƙa kada a ambaci sunanta. Shekarunta 46, 'ya'yanta bakwai, ta aurar da uku. Ga abin da take cewa: "Da can in aka yi biki ban je ba, ranar ba na barci. In abokiyar zamana ta ɗinka sabuwar atamfa, sai na ɗinka tawa ko da bashi ne. Yanzu duk wannan ya fita daga raina, in aka kawo mini anko ji nake kamar an ɗora mini dutse. Ga faɗa da yara ba dalili, ga rashin barci, ga wani zafi da ke taso mini cikin dare har in jiƙe da gumi. Maƙwabciyata ta ce in nemi taimako, wai hannu aka sa mini. Don Allah lafiyata kuwa?"

To Hajiya, mun gode da wannan wasiƙa, kin yi wa mata da yawa tambayar da suke jin nauyin yi. Ni da ke magana ban kai 40 ba tukuna, don haka ba zan yi muku kurin na ɗanɗana ba. Amma a gaban kakata da gwaggonnina na tashi, kuma wannan aiki ya sa na zauna da mata manya da ma'aikatan lafiya, na yi tambaya an ba ni amsa. Abin da na tattaro shi zan shimfiɗa muku, in na yi kuskure iyayena ku gyara mini.

Bari mu fara da zuciya. Mace tana da shekara 20, abin da ke gabanta shi ne a ce ta iya: ta iya girki, ta iya kwalliya, ɗakinta ya fi na kowa jere. Tana 30, goyo da ciki da rainon yara sun cinye ta, ko kanta ba ta da lokacin tunawa. To da ta doshi 40 sai ƙurar ta fara lafawa. 'Yar fari ta tafi ɗakinta, autan ya shiga makaranta, tsakar gida ya yi shiru da hantsi. A cikin wannan shirun ne mace take fara lissafi. Ta binne wasu daga cikin iyayenta, ta ga sa'o'inta an kai su makwanci, ta ga wadda ta fi kowa gwal a unguwa ta koma neman na cefane. Wanda ya ga haka dole ma'auninsa ya sake. Saboda haka Hajiya, anko da ya fita daga ranki babu ciwo a ciki, hankali ne ya zo ya zauna. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Addininmu ma ya san da wannan gaɓa. A cikin Suratul Ahƙaf, aya ta 15, an ambaci shekara 40 a matsayin lokacin cikar ƙarfin mutum, aka kuma koya masa addu'ar godiya da neman shiriyar zuriya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da shekara 40 aka fara saukar masa da wahayi. Ke nan shekarun da wasunmu ke ɓoyewa suna ragewa in an tambaye su, shekarun girma ne.

Sai kuma jiki. Hajiya, wannan zafi da gumin dare da rashin barci da saurin fushi, sanannun alamu ne na kusantowar ɗaukewar al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Akwai wani sinadari a jikin mace da likitoci ke kira isturojin, shi ke tafiyar da al'ada, yana kuma taimaka wa ƙashi da fata. Idan ya fara raguwa, sai al'ada ta rikice, wata ta zo, wata biyu ba ta zo ba, sai zafin nan da faɗuwar gaba da mantuwa. A nan ne wasu mata ke cewa ciki ne ya kwanta, su yi ta shan jiƙe-jiƙe don a tayar da shi. Wasu a ce musu iska ce ko sammu, a yi ta karɓe musu ɗan abin da suka tara. Kafin ki kai kuɗinki ko'ina, je ki asibiti ki yi wa ma'aikaciyar lafiya bayani tiryan-tiryan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga abubuwa biyu da nake so kowace mace ta riƙe. Na ɗaya, ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a gan ta ba. Kafin nan mace tana iya ɗaukar ciki, ko da kuwa tana da jikoki. Na biyu, kuma wannan shi ne babba: idan ta ɗauke shekara guda, daga baya kika ga jini, ko ɗigo ne, kada ki ce al'ada ce ta dawo. Ki je a duba ki, domin yana iya zama alamar ciwon mahaifa, wanda in an gano shi da wuri ake samun nasarar magani. Haka nan idan kika ji wani ƙululu a nono ko a hammata, ko ba ya ciwo, kada ki tsaya shafa masa magani a ɗaki.

Akwai kuma baƙi biyu da ke shigowa ba sallama a waɗannan shekaru, hawan jini da ciwon suga. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, mace tana harkokinta sai dai a ji ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Awonsa bai fi minti biyar ba. Idan aka auna aka ga 140 bisa 90 ko fiye, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to akwai magana, kuma wadda aka ɗora a kan magani kada ta daina don ta ji sauƙi. Gishirin da ake so babban mutum ya ci a wuni bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin ɗunƙulen miya. Mu rage jefa ɗunƙule barkatai, mu koma wa daddawarmu da kayan ƙamshi.

Mu da ke cikin gida akwai wani tarko da ya kamata mu lura da shi. Lokacin ƙuruciya daka da shara da wanki da jan ruwa a rijiya su ne motsa jikinmu. Da 'ya'ya mata suka tasa, ko suruka ta shigo, sai a ce Hajiya ki huta. Sai Hajiya ta hau tabarma tun safe har magariba, jiki ya yi nauyi, gwiwa ta fara ƙara. Hutu yana da daɗi, amma kada ki saki aiki gaba ɗaya. Ki riƙe shararki, ki zagaya tsakar gida da sassafe, ki sha hantsi. In kuma kin ga zare ya daina shiga allura, ko sai kin nesanta littafi kafin ki ga baƙi, yawancin mutane haka idonsu ke yi daga shekara 40. Tabarau ne maganinsa, kuma babu abin kunya a ciki.

Yanzu mu zo kan dukiya. Wata gwaggona, Allah ya jiƙanta, tana da kabet cike da kwalla da tangaran, duk sati sai ta sauke ta goge. Ranar da ta haura 40 ta kira dillaliya ta sayar da rabi, ta sayi tumaki biyu. Mutanen gida suka yi ta surutu, ta ce da su: "Kwano ba ya haihuwa." Bayan shekaru mijinta ya rasu, waɗannan tumaki da suka zama garke su suka riƙe ta da marayunta. 'Yan uwa, ba fata muke yi ba, amma mu yi lissafi. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, rabon matansa tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma su duka za su raba shi. A ce bayan an biya bashi abin da ya rage naira 800,000 ne, tumuni 100,000 ke nan. In ku biyu ne, kowacce 50,000. Wata nawa za ta kai ki? Don haka kuɗin adashin da kike kwasa, kafin ki kai shi anko da gudummawar nuna isa, ki tambayi kanki me zai rage miki. Kiwo, ɗinkin hula, saƙa, ƙuli-ƙuli, sayar da hatsi daga cikin gida, ɗan gwal da za ki adana, duk hanyoyi ne da iyayenmu suka bi ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Sai dai a kula, kada sana'ar ta zama dalilin cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla.

Sannan ga sabon matsayi da ke jiran ki. Jiya ke ce amarya mai kuka a ɗaki saboda maganar uwar miji, yau ke ce uwar mijin. Ki tuna abin da ya ƙona miki rai, kada ki mayar da shi kan 'yar wani. In kuma maigida ya ƙaro aure a wannan lokaci, na san akwai zafi, babu mai musun haka. Amma mata manya da yawa sun gaya mini cewa abin da suka yi nadama shi ne shekarun da suka ɓata suna gasa, lafiyarsu ta tafi, yara suka tashi cikin gaba da 'yan uwansu. Ki nemi haƙƙinki da baki mai daɗi, kwananki da cefanenki kada a tauye, sauran kuma ki bar wa Allah ki rungumi 'ya'yanki.

Abu na ƙarshe shi ne karatu. Sau nawa nake jin mace ta ce ai ni na wuce, kaina ya toshe? Ku dubi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Tana wajen shekara 40 ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimantar da matan karkara. Su wa ta zaɓa su jagoranci aikin? Mata manya, waɗanda ake kira jaji, ta naɗa musu malfa da jan rawani, su zo wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan uwansu a ƙauyuka. Ta san macen da ta gama goyo ita ce mai lokaci, mai natsuwa, wadda ake jin maganarta. A Jihar Kano tun 1980 aka kafa hukumar ilimin manya, ga kuma Islamiyyun matan aure a unguwanni. In fita ba ta samu ba, ɗanki ko jikarki da ke zuwa makaranta su zauna da ke bayan sallar isha'i, kullum layi biyu. Wasiƙar nan da muka karanta 'yar Hajiya ce ta rubuta mata. Ina fatan ta gaba da hannunki za ki rubuto mana.

Iyayenmu maza, na san wasunku na jin mu daga zaure. Matar nan da ta yi shekara 25 tana dafa muku tuwo, in kun ga ta sauya, a yi mata uzuri. A kai ta awo, a saya mata magani, a bar ta ta je makaranta. Ku kuma ƙannena amare, ku ji da kyau, abin da kuka shuka yanzu shi za ku girba a 40.

Hajiya mai wasiƙa, Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuriya. A nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa mini kan yara.