Wa Ya Fara Saran Gonar? Bin Diddigin Asalin Gidaje a Ƙasar Ɗambatta

   

An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai binciki asalin gidansu a ƙasa irin tamu. Ka tare magidanci a kowane ƙauye tsakanin nan da Kazaure ka tambaye shi daga ina kakanninsa suka zo, da wuya amsar ta wuce Gabas, ko Barno, ko Malle. Daga nan sai ya jero maka sunaye shida ko bakwai, duka maza, ya tsaya a kan wani malami ko mayaƙi ko maharbi. Ban zo ƙaryata kowa ba. Wannan jeri salsala ce, aikinta tsare mutuncin gida, kuma tana yin aikin nata. Mai bincike kuwa yana da tambayoyin da salsala ba ta damu da su ba. Wa ya fara sauka a nan, a zamanin wane sarki? Me ya taso shi daga inda yake? Wa ya tarar, wa ya yanka masa gona, 'yar wa ya aura? Amsoshin waɗannan su ne tarihin gida, kuma idan aka haɗa na gidaje da yawa, su ne tarihin ƙasa.

Ƙasar Ɗambatta bakin iyaka ce tun da daɗewa, kuma bakin iyaka ba ya barin mutane su zauna wuri ɗaya. Jihadi ya ci Kano tsakanin 1804 da 1807. Cikin shugabanninsa akwai Malam Dabo Dambazau, wanda zuriyarsa, Dambazawa, ke riƙe da sarautar Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Da aka naɗa Ibrahim Dabo Sarkin Kano a 1819, Ɗantunku, wani jagora na wannan yanki, ya ƙi yi masa mubaya'a. Daga nan Ɗambatta Ɗantunku ya tashi ya koma duwatsun Kazaure, aka shafe shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Littattafai sun ba da labarin sarakunan. Wanda ba a rubuta ba shi ne manomin da ya ɗaure kayansa ya bi Ɗantunku, da ƙanensa da ya zauna ya bi Kano. Jikokinsu na nan, wasu a Jihar Jigawa tun da aka yanke ta a 1991, wasu a nan, suna haɗuwa a kasuwa ba su san jininsu ɗaya ba. Basasar Tukur da Yusufawa ta 1893 ta sake watsa jama'a, sannan a zamanin Sarki Alu rundunar Damagaram ta shigo ƙasar Kano ta arewa. Mai hankali a irin wannan zamani cikin ganuwa yake kwana. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 hare-hare suka lafa, mutane suka riƙa fita suna kafa gida a bakin gonarsu. Don haka idan ƙauyenku ba shi da alamar ganuwa, fara da tambayar wane gari ne uwarsa, domin mai yiwuwa can ne kakan kakanka yake kwance.

Ba yaƙi kaɗai ke kawo mutane ba. Fatake sun sauka a zango sun ƙi tashi. Almajirai sun biyo malami, malamin ya sami gona. Fulani sun yi mashekari a gonar wani don taki, shekara ta bi shekara har suka gina ɗakin ƙasa. Mutanen Azbin sun gangaro kudu. Agalawa da Tokarawa, waɗanda Paul Lovejoy ya bi tarihinsu a fataucin goro na Gwanja, asalinsu daga wajen Abzinawa ne, suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina har suka zama Hausawa tsantsa. Alhassan Ɗantata, da ya rasu a 1955, Ba'agale ne, kuma babu mai cewa shi ba Bakano ba ne. Marigayi Yusufu Bala Usman ya nuna a aikinsa kan Katsina cewa ƙasar Hausa da baƙi aka gina ta. Wanda ya gano kakansa baƙo ne, to ya gano abin da maƙwabcinsa ma zai gano in ya tona.

Matsala ta farko da za ka ci karo da ita ita ce lokaci. Tsoho ba zai ce maka 1927 ba. Zai ce shekarar da aka yi yunwar 'Yar Buhu, ko bayan zuwan jirgin ƙasa, ko lokacin da ya fara biyan haraji. Aikinka ne ka riƙe kalandar da za ka auna maganarsa. Jirgi ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta biyo bayansa. An yi babbar yunwa a 1913 zuwa 1914, wadda wasu ke kira Kakalaba, amma sunanta yana sauyawa daga gari zuwa gari, sai ka tambayi yadda ake kiranta a naku. Annobar marisuwa 1918 ce. Sarki Abbas ya rasu a 1919, Sarki Usman a 1926, Sarki Abdullahi Bayero a 1953. Sarkin Bai Mukhtar Adnan ya hau a 1954, ya rasu a 2021, don haka "zamanin Sarkin Bai Mukhtar" shekara sittin da bakwai ne, dole ka ƙara tsananta tambaya. Canjin kuɗi zuwa naira 1973 ne, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta soke haraji da jangali a 1979. Da waɗannan turaku za ka iya ɗaure kusan kowace haihuwa da aure da ƙaura.

Akwai kuma ɗan lissafi mai amfani. A ƙiyasta shekara talatin tsakanin uba da ɗa. Sunaye bakwai ke nan shekara ɗari biyu da 'yan kai, wato da ƙyar suka kai jihadi. Idan aka ce maka na bakwai ɗin ya zo a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, to sunaye sun zube a hanya. Haka baki yake yi: yana riƙe na farko da na kusa, ya haɗiye na tsakiya. Al'adarmu ta suna ma tana taimaka masa. Ana mayar wa jika sunan kakansa, sai alkunya ta hana a faɗa, a koma kiransa Abba ko Baba. Muhammadu uku a jere sukan narke su zama mutum ɗaya. Saboda haka kada ka karɓi suna shi kaɗai. Nemi sunan yanka da laƙabi da sana'a da inda aka binne shi. Laƙabin kansa shaida ne: Tanko ya biyo mata, Audi bai tarar da mahaifinsa ba, Ɗanladi ranar Lahadi ya zo.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. Salsala ta maza ce, amma taswirar dangi a hannun mata take. Tsohuwa ita ta san daga wane gari aka kawo kowace amarya, ina ake zuwa biki, ina ake aika goron suna, wane gida ne ba a aure da su saboda an sha nono ɗaya. Ka tambaye ta inda ake zuwa gaisuwar mutuwa tun tana yarinya, za ta zana maka hanyar da gidanku ya biyo, zango bayan zango. Ba za ta ambaci sunan mijinta ko ɗan farinta ba, kada ka matsa mata, nemi wannan a bakin wata. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, har yau masana na dogara da shi wajen fahimtar aure da bauta da ƙaura a ƙasar Hausa. Mace ɗaya ce aka zauna aka saurara. Irinta nawa muka binne a ƙasar Ɗambatta ba wanda ya ɗauki alƙalami? Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Wanzamin gida ma a je masa. Shi ya san askar kowane gida, wa ke yin zube, wa ke yin kalangu, wa ke da tsagar Barebari. An daina tsaga yanzu, nan da shekaru kaɗan sai dai a tsohon hoto. Wasan taubasantaka shi ma yana tona asali: wanda gidanku ke tsokana da wanda ke tsokanarku, kamar Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi, ba banza ba ne.

Sannan a fita gona. Wannan yanki yana cikin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, wadda Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarinta, inda ake noma ƙasa kowace damina ba hutu, ana ciyar da ita da taki, kowane taƙi da mai shi. A irin wannan wuri gona ita ce kundin da ba ya ɓata. Ka tsaya a gonarka ka tambayi masu gonakin da ke kewaye. Sau da yawa za ka tarar na gabas ɗan baffanka ne, na kudu jikan wan kakanka. Ka cire layukan gamba da ke tsakaninku a zuciyarka, sai gandun mutum ɗaya ya bayyana, kuma shi ne wanda kake nema. Kowace gona ka tambayi yadda ta shigo gidan: gado ce, saye, kyauta, aro ko jingina? Wanda ya sari daji da wanda aka yanka wa ba lokaci ɗaya suka zo ba. Kufai, tsohuwar maƙabarta, rijiyar da ake kira da sunan mutum, ramukan marina da suka cike, kukar da ta fi garin tsufa, duk a rubuta inda suke tun kafin a yanka wurin filoti.

Takarda tana zuwa ne daga baya. A Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Kano, cikinsu har da rahotannin ƙiyasin haraji da Turawan mulki suka rubuta bayan an tura hakimai su zauna a gundumominsu. Sukan ƙunshi taƙaitaccen tarihin gari, jerin dagatai, yawan masu biyan haraji da sana'o'insu. Suna da amfani matuƙa, amma a tuna yadda aka same su: Bature ya tambayi dagaci ta bakin tafinta, a gaban hakimi, kuma kowa ya san maganar kuɗi ce. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da kundayen digiri da ke Jami'ar Bayero. Takardun rabon gado na kotun alƙali sun fi kowace takarda daraja ga mai neman dangi, domin shari'a ta tilasta a ambaci mata da 'ya'ya mata da sunayensu. Kada kuma a raina gafakar malam. Malaman dā sukan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa a gefen littafi ko bayan Alƙur'ani, da Larabci ko ajami. A ɗauki hotonsa da waya a mayar wa mai shi a take. Gwajin jini da ake aikawa Amurka kuwa, iyakarsa ya ce maka kai mutumin Afirka ta Yamma ne, ya haɗa da wasu ƙididdiga. Ba zai gaya maka wa ya ba kakanka masauki ba.

Saura magana mai nauyi. Ƙasar Kano ta ƙarni na 19 tana da bayi masu yawa, a gandaye da rumada da cikin gidaje. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wasu sun fanshi kansu ta hanyar murgu, wasu an 'yanta su, wasu sun zauna inda suke suka zama dangi. Duk mai tona asali da gaske, ko ba daɗe ko ba jima, zai iso wurin da tsoho zai yi shiru, ya ce a bar kaza cikin gashinta. Ina roƙon abu biyu. Idan a gidanku ne, kada ka goge. Matar da aka kamo tana yarinya daga ƙasar da ba ta sake gani ba, ta haifi kakanka, ta yi daka ta yi surfe har ta mutu, tana da haƙƙin a san sunanta a yi mata addu'a kamar kowa. Sarakuna da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, shari'a kuma 'ya'ya ta ɗauke su, cikakku. Idan kuwa gidan wani ne, abin da ka ji amana ce. Ba naka ba ne da za ka ɗora a Facebook, ko ka tayar da shi ranar neman aure, ko ranar takarar dagaci. Duk wanda zai mai da bincike makamin gori, gara ya bar tsofaffi su tafi da abinsu. Haka nan wanda ya tarar kakansa Bamaguje ne da ya musulunta a zamanin Sardauna ko kafin nan: ya rubuta yadda yake, ya rubuta wanda ya musuluntar da shi.

Ga ɗalibanmu, na sakandare da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, aikin ba ya bukatar jari. Waya da littafin rubutu sun isa. A jira kaka, bayan an kai amfani gida, lokacin da mutane ke da sukunin hira. A fara gaida mai unguwa a faɗa masa abin da ya kawo ku. A nemi izini kafin a kunna rikoda, a faɗi kwanan wata da sunan gari da sunan mai magana a farkon kowane ɗauka. A ji maza daban, mata daban, kuma ɗalibai mata su ne za su shiga cikin gida. Idan ruwayoyi biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗi kowace, kada a sasanta su. A bar kwafi ɗaya a gidan da aka yi hirar. Ina kuma roƙon Ƙaramar Hukuma da iyayen ƙasa su ware ɗaki ɗaya mai makulli, maras yoyo, a nan Ɗambatta, da ma'aikaci ɗaya, inda za a ajiye kwafi na biyu.