Kazar Sinawa a Kaskon Gida

Jawabin da wata tsohuwar ɗaliba ta gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da sakatariyar ƙungiya ta aiko mini da takarda cewa an ba ni minti ashirin in yi magana a kan abin da zai amfani uwargida ma'aikaciya, na ɗauka za a ce in yi bayanin fansho ko ƙarin girma, tunda aikina ke nan a ma'aikatarmu. Sai na ga an rubuta girki. Da na bincika, ashe 'yan ajinmu ne suka kai ƙarata, wai sun ci wata kaza a gidana ranar suna, kuma ba su yarda in riƙe sirrin ni kaɗai ba. Waɗanda suka san ni a makaranta za su yi mamaki, domin ni ce wadda malamar tattalin gida ta taɓa ba shawarar in rufa wa kaina asiri in riƙe lissafi da kyau. To, mu da muka tashi da gabza da garau-garau da jiƙon kwaki, yau ga mu muna zancen abincin ƙasar Sin.

Ba sha'awa ce ta sa ni koyon wannan girki ba, aljihu ne. Wata rana a Abuja na kai yara wani gidan abincin Sinawa, suka ɗanɗana kaza mai zaƙi da tsami, daga nan kuwa na shiga uku. Duk ƙarshen wata sai a tsare ni da roƙo in sayo musu a roba in kawo gida. Ina yi jefi-jefi, har shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Na zauna na yi lissafi, na ga kuɗin roba biyu, waɗanda ba sa ƙosar da yara uku, sun ishe ni in sayi kaza guda da kayan haɗinta. Bayan haka akwai abin da ya daɗe yana damuna a rai, wato ban san wanda ya yanka kazar ba, ban kuma san abin da aka zuba a miyar ba. Sai na ce bari in gwada da hannuna.

Gwajin farko na yi shi ne ranar da surukata ta zo mana, wanda shi ne babban kuskurena. Na yanka kaza biyu, na juye su gaba ɗaya cikin kasko, ina juyawa ina neman inda na ajiye tafarnuwa. Naman ya saki ruwa, ya tafasa maimakon ya soyu, ya fito fari fat kuma da tauri. Hajiya ta ɗiba cokali ɗaya, ta sa mini albarka, sannan ta tambaya a hankali ko da sauran tuwon jiya. Daga wannan kunya na fahimci cewa matsalar ba kayan haɗi ba ce, hanyar aikin ce ban sani ba. Ita ce kuwa nake so in bar muku yau.

Amma kafin nan, bari in cire muku tsoro. Yawancinmu muna ganin sai an samo kayan Sin na asali kafin a yi wannan abinci, alhali da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan abincin Sinawa an sauya shi ne don ya dace da bakin mutanen wurin da aka kai shi. Alal misali, kazar da ake kira ta Janar Tso. Wani kuku ɗan lardin Hunan mai suna Peng Chang-kuei ne ya ƙirƙiro ta a Taiwan cikin shekarun 1950, ya raɗa mata sunan wani jarumin lardinsu da ya mutu tun 1885, wanda bai taɓa ɗanɗana ta ba. Da aka kai ta birnin New York a shekarun 1970 aka ƙara mata sukari saboda Amurkawa. Ita kuwa kaza mai lemon zaƙi, gidan abinci na Panda Express ne ya fito da irin wadda ta yi suna a Amurka a 1987. Hatta barkono da gyaɗa da Sinawa ke ji da su, baƙi ne a wurinsu kamar yadda suke baƙi a wurinmu, domin asalinsu daga nahiyar Amurka ne. Idan su sun gyara abincinsu da abin da suka tarar a kasuwa, mu me zai hana mu?

Kasuwarmu kuwa ba ta rage mu da komai ba. Ɗanyar citta tana zuwa daga kudancin Kaduna. Riɗin da ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai har Sin da Japan ake fitar da shi. Ga tafarnuwa, ga lawashi, ga koren tattasai da karas da busasshen barkono da gyaɗa. Kaskon nan mai zurfi da ake tuyar ƙosai da shi, ƙirarsa ɗaya da kaskon Sinawa da suke kira wok. Abu uku kawai za ki nema a kanti: soya sos, wanda ake yi da waken suya da alkama da gishiri a bar su su ruɓa kamar yadda muke yi wa daddawa, sai ruwan kal, sai sitacin masara da muka fi sani da kwanfulawa.

Yanzu ga ƙa'idojin guda uku. Ta farko ita ce yanka. A sami kazar gidan gona, domin kazar Hausa tana son doguwar dahuwa, wannan girki kuwa na 'yan mintoci ne. Naman cinya ya fi na ƙirji, saboda ba ya saurin bushewa. A cire ƙashi, a yanka ƙanana daidai wa daida, kamar girman dunƙulen magi, don su nuna lokaci ɗaya. Kada a zubar da ƙasusuwan, a tafasa su a sami romo.

Ta biyu ita ce jiƙo. Laushin nan da kike ji a naman gidan abinci, sitaci ne ke kawo shi. Ana cuɗa naman da soya sos da kwanfulawa da ɗan mai, wasu har da farin ƙwai, a ajiye minti 20. Sitacin yana lulluɓe naman, ya kare shi daga zafin wuta, ruwan jikinsa ya zauna ciki. Idan naman ƙirji ne, ana iya fara barbaɗa masa rabin ƙaramin cokali na bekin soda a kan rabin kilo, a bar shi minti 15, a wanke tas. Aikinta irin na kanwa ne a tukunyar wake, kuma ita ma idan ta yi yawa tana ɓata ɗanɗano.

Ta uku, wadda ta kayar da ni gaban surukata, ita ce wuta. Murhun gidan abinci ya ninka namu ƙarfi sau da yawa, har mutanen Kanton suna da suna ga ƙamshin da wannan wuta ke ba abinci, suna ce masa numfashin kasko. Tunda ba mu da irin wutarsu, dabara ita ce a rage yawan abin da ake zubawa. A bar kasko ya yi zafi har ya soma hayaƙi, sannan a zuba mai, a sa nama kaɗan-kaɗan yadda kowane yanka zai taɓa ƙarfe. A ƙyale shi kamar minti ɗaya kafin a juya. Kuma tun kafin a kunna wuta a tabbatar an yanka komai, an haɗa ruwan miya a kofi, an jera su kusa da hannu. Wannan ba girkin da za ki ɗora ki tafi shanya ba ne.

Bari in ba ku misali da kaza mai gyaɗa, wadda ake kira Kung Pao. Sunan daga sarautar Ding Baozhen ne, wani gwamnan lardin Sichuan da ya mutu a 1886. Ga mutum huɗu, a jiƙa rabin kilo na cinya da babban cokali ɗaya na soya sos, da ƙaramin cokali biyu na kwanfulawa, da cokali ɗaya na mai. A cikin kofi a haɗa babban cokali biyu na soya sos, ɗaya da rabi na ruwan kal, ɗaya na sukari, huɗu na romo, da ƙaramin cokali ɗaya na kwanfulawa. A soya naman kashi biyu, a kwashe. A ɗan rage wuta, a jefa busasshen barkono takwas har ya yi ƙamshi, amma kada ya yi baƙi, domin ƙonannen barkono ɗaci gare shi. A sa yankakkiyar citta da tafarnuwa huɗu, a juya na rabin minti, a ƙara koren tattasai. A mayar da naman, a motsa abin da ke kofin domin sitaci yakan kwanta, a juye. Cikin minti ɗaya za ki ga miyar ta yi kauri tana sheƙi, ta kama jikin naman. Sai a sauke, a zuba lawashi da soyayyiyar gyaɗa cikin tafin hannu, da ɗigon man riɗi. Mutanen Sichuan suna sa wani yaji mai sa harshe zirr, dangin fasaƙwarinmu. Ni dai masoro nake ɗan sawa, babu kuma wanda ya taɓa kai ƙara. Daga kunna wuta zuwa saukewa bai kai minti goma ba, ga mai sayen gas kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ita kuma kaza mai zaƙi da tsami da yara ke so, tuya biyu ake yi mata. A tsoma naman a ƙwai, a birkiɗa shi cikin kwanfulawa, a soya a mai mai matsakaicin zafi na minti uku zuwa huɗu, a kwashe ya huta. Sannan a ƙara wuta, a mayar da shi na minti ɗaya. Tuyar farko ce ke nunar da ciki, ta biyu ke sa bayan ya yi ƙaras-ƙaras. Miyarta babban cokali huɗu ne na tumatirin kecaf, uku na ruwan kal, uku na sukari, ɗaya na soya sos, rabin kofi na ruwan abarba, da ɗan kwanfulawa. A soya albasa da tattasai da yankakkiyar abarba sama-sama, a juye miyar, in ta yi kauri a zuba naman a juya sau biyu uku, a kai tebur nan take tare da farar shinkafa. Idan ya zauna cikin miya sai ya saki, shi ya sa na roba ba ya kaiwa gida da daɗinsa.

Akwai abubuwa biyu da ba zan rufe ba sai na ja hankalinku a kansu. Na farko addini. Sinawa suna yawan jiƙa nama da giyar shinkafa ta Shaoxing, kuma duk littafin girkinsu da kika buɗe za ki gan ta. A maimakonta a sa romo da ɗan ruwan kal ko lemon tsami. Haka nan a riƙa karanta jikin kwalbar soya sos, a nemi mai tambarin halal, domin wasu na ɗauke da ɗan barasa. Na biyu lafiya. Babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da sinadarin sodiyam wajen miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai miligiram 2,000 a yini, wato kimanin giram 5 na gishiri. Saboda haka in an sa soya sos, kada a ƙara gishiri da dunƙule, musamman a gidan da ke da mai hawan jini. Farin magi ma, wanda wani malamin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarinsa a 1908, ba dole ba ne, romo mai kyau ya wadatar. A kuma tsaga yanka ɗaya a duba kafin a sauke, kada saurin girki ya sa a ba yara ɗanyen nama.

'Yan'uwana, abin da na ƙaru da shi ya wuce daɗin baki. A da idan na soya kaza guda, rabon ta yakan zama rigima, kowa idonsa na kan cinya. Yanzu kazar nan ɗaya, in an yanka ta ƙanana an haɗa da kayan lambu, takan yi mana cin dare biyu, kuma yaran da ba sa taɓa karas suna cinye shi ba su sani ba. Babban ɗana shi ke yanka lawashi da tattasai, ban kuma ga abin da ya rage shi da shi ba.

Daga ƙarshe ina da roƙo. Ɗazu na leƙa ɗakin koyon girki na makarantarmu, na ga ƙannenmu suna jiran layi a kan murhu. Ina roƙon uwar ƙungiya ta sa gyaran wannan ɗaki cikin ayyukan bana, ni kuma na ɗauki alkawarin murhun gas guda da kasko biyu, da Asabar ɗaya a kowane zango da zan zo mu yi aiki tare da ɗalibai. Ga mai son jin ƙarshen labarin surukata kuwa, da Sallar da ta wuce ita da kanta ta aiko a tambaye ni ko za a yi wannan kazar mai gyaɗa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.