Fuskata da hannun ƙanena

Na gode da kuka bar shayinku kuka taho. An ce in yi magana bisa tatuwaj, zanen nan na tawada da samarinmu suka fara yi a hannu da ƙirji da wuya. Kafin in taɓa hannun kowa, ku fara duba fuskata. Na baya ku matso, ba kuɗi ake biya ba.

Kun gani ko? Shida a kunci guda, bakwai a ɗayan. Ni Bagobiri ne, ɗan Tsibiri. Ina da kwana bakwai a duniya wanzami ya zo gidanmu, ya yi mini aski, ya cire mini beli, ya sa aska ya tsaga ni. Inna ta ce ta gudu ɗaki ta toshe kunnuwanta. Ba wanda ya tambaye ni, kuma ko an tambaya ba ni da bakin amsawa.

Ba na zagin kakannina a kan wannan. Suna da dalilinsu. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun watsu kafin su sake kafuwa a Tsibiri. Zamani ne na yaƙi da kamen bayi. Yaro in ya ɓace, fuskarshi ce takardarshi. Ba'are na Dogon Dutsi da dogon zanenshi daga gefen baki zuwa kunne, Babarbare da nashi a tsaye, kowa ana ganinshi a san gidan da ya fito. Akwai kuma na ado, irin su bille da shasshawa da ƴar baka. Duk wanda ya taɓa zuwa Ingal lokacin taron makiyaya ya ga matan Woɗaaɓe da zane mai duhu a gefen baki da kumatu, wanda ake tsagawa a shafa baƙi ya zauna har abada. In ba tatuwaj ba ne wannan, mi ne ne sunanshi? Saboda haka mai cewa zanen jiki baƙon abu ne a Nijar, bai duba fuskar kakarshi da kyau ba.

Amma duniya ta juya. Da na je jami'a a Yamai, ranar farko wani ya tambaye ni ko da kyanwa na yi faɗa. In Bazabarme ne ya faɗa, dariya nake, don tsakaninmu da su akwai wasa, kuma wasan nan namu na taubasantaka har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Sai dai akwai dariyar da ba ta wasa ba ce. Akwai yarinyar da ta ce mini ina da kirki, amma ba za ta iya nuna hotona ga ƙawayenta ba. Akwai abokin karatuna da ya riƙa shafa mai kala-kala wai ko zanen ya dushe. Abin da ya kasance alamar ɗan gida a Tsibiri ya koma alamar baƙauye a birni.

Yanzu ga labarin ƙanena. Ya yarje mini in ba da shi, sunanshi kawai zan ɓoye. Shi ba a yi mishi zane ba, don lokacin da aka haife shi Baba ya riga ya hana. Shekara huɗu da suka wuce Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Ƙanena yana Yamai yana kabu-kabu, bai samu jana'iza ba. Bayan wata biyu ya zo gida, yana naɗe hannun riga zai yi alwala, sai na ga rubutu a damtsenshi: INNA, da shekarar rasuwarta a ƙasa. Na ce, kai, mi ka yi haka? Ya ce, Yaya, ba ni da hotonta ko guda. Na rasa abin cewa.

Bara ya nemi aure. Magana ta yi nisa, an kai goro. Ran nan kawun yarinyar ya gan shi yana alwala a ƙofar masallaci, ya ga hannun. Kwana uku aka maido mana da kayanmu, aka ce ba sa ba ɗan iska ɗiya. Yaron da ba ya shan ko taba, wanda shi ke biyan kuɗin lakkwal na ƙannenmu biyu. Shi kuwa kawun, fuskarshi cike take da zane kamar tawa. Na zauna ina tunani: ni an zana ni ba da sanina ba, birni na yi mini dariya. Shi ya zana kanshi da saninshi, gari na kiranshi ɗan iska. Mu duka biyu fata aka karanta, ba a karanta mutum ba.

Wannan hukunci ba mu muka fara shi ba. A Turai ma an daɗe ana ɗaukar tatuwaj abin matuƙan jirgin ruwa da ƴan kurkuku. Kalmar kanta daga tsibirin Tahiti Turawa suka ɗauko ta, lokacin tafiyar Kyaftin Cook a 1769. Injin yin shi na lantarki, wani mai suna Samuel O'Reilly ne ya yi rajistarshi a New York a 1891. Yau kuwa ku kunna ƙwallo ku ga hannun Messi da Neymar da Sergio Ramos. Ta nan abin ya shigo fadojinmu, ta ƙwallo da mawaƙa da TikTok. Mun ɗauko zanen, amma mun bar musu dokokin da suka kewaye shi. A Faransa tun 2008 ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba sai da takardar yardar iyaye, kuma mai yin sai ya yi horon tsabta. Tarayyar Turai tun watan Janairun 2022 ta taƙaita dubban sinadarai a cikin tawadar. Mu fa?

Bari in gaya muku yadda aka yi na ƙanena. A ɗakin wani abokinshi ne, da dare. Inji na haɗin gida, ƙaramin moto na rediyo da bututun bik da allurar ɗinki. Jika biyu ya biya. Su biyar ne a daren, allura guda, ana gogewa da auduga da alkol a wuce ga na gaba. Shi ne na farko. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Tatuwaj ba kamar ƙunshi ba ne. Lalle a fatar sama yake zama, sati biyu ko uku ya tafi. Allurar tatuwaj ratsa fatar sama take yi, ta ajiye tawada a ta ƙasa, wajen milimita 1 zuwa 2, inda akwai jini. Shi ya sa ba ya gogewa, shi ya sa kuma duk abin da ke jinin na farko yana iya bin allura zuwa ga na biyu. Cire shi sai da hasken leza, zuwa bayan zuwa, da kuɗi mai yawa, kuma a baƙar fata irin tamu yana iya barin tabo mai tudu ko wuri ya yi fari. Wanda ya ce muku a goge da batir ko a ƙona da ƙarfe, ku guje shi. Ƴan uwa mata, ku ma kuna ciki: baƙin lallen nan da ke kamawa nan take, sau da yawa rinin gashi ake zuba mishi mai sinadarin PPD, shi ke sa hannun wasu amare ya kumbura ya yi ƙuraje.

Watanni bayan an fasa auren, matar maƙwabcinmu ta zubar da jini wajen haihuwa, aka nemi masu bayarwa. Ƙanena ya je. Aka auna, aka ce ba za a ɗauki nashi ba, yana da ciwon hanta nau'in B. Gida ya ɗauka: ai ga shi nan, tatuwaj ne, Allah Ya kama shi. Ni ma haka na zata. Muka je wajen likita, aka sake awo bayan wata shida, ciwon na nan. Likitar ta ce mana ba mai iya rantsuwa a kan inda ya samo shi, amma mu san wani abu. Babban mutum in ya kamu, galibi jikinshi na korar cutar, waɗanda take zaune musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa in ya kamu, kimanin 9 cikin 10 tana zama da su har girma. Ta ce ya fi yiwuwa tun yana jinjiri ya ɗauka, ko wajen haihuwa, ko ta askar suna, ko wata tsaga ta magani.

Ƙanena ya yi shiru, sannan ya ce, Yaya, ke nan ranar da aka yi mini zanen ina da shi? Ta ce mai yiwuwa ne. Ya ce, ni ne na farko, mutum huɗu sun biyo bayana. Wallahi ban taɓa ganin ya yi kuka irin na ranar ba, ko a rasuwar Inna. Ya koma Yamai ya nemo su ɗaya bayan ɗaya. Uku sun je awo. Na huɗun ya tafi wajen haƙar zinariya, har yau ba a same shi a waya ba. Wannan shi ne yaron da aka ce ɗan iska ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a yankinmu na Afirka. Ƙwayar cutar na iya rayuwa kwana bakwai a wajen jiki, a kan aska ko allura. Ba ruwanta da ko askar ta al'ada ce ko allurar ta zamani ce. Dattijon da ke tsine wa mai tatuwaj alhali ya miƙa jikanshi ga aska guda da ta taɓa jarirai goma, da saurayin da ke yi wa zanen gado dariya alhali ya miƙa hannu ga allurar mutum biyar, rami guda suke haƙa.

Na san wani zai ce, to addini fa? Ba zan kauce ba. Ni Musulmi ne, kuma maganar malamai a fili take: hadisin da ya hana irin wannan zane yana cikin Buhari da Muslim. Ni ba ni da tatuwaj, ba ni kuma da niyyar yi, kuma ban zo nan in ce wa kowa ya je ya yi ba. Amma na kai ƙanena wajen wani malami a unguwarmu, don ya fara jin kunyar shiga sahu. Malam ya ce mishi ya tuba tsakaninshi da Ubangijinshi, ya ci gaba da alwalarshi da sallarshi, kada ya cuci jikinshi wajen ƙoƙarin cirewa. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, kai ma naka ba sunna ba ce, sai dai ba kai ka yi ba. Muka yi dariya. Malam bai kore shi daga masallaci ba. Mu su wa ne da za mu kore shi daga cikin mutane?

Ga abin da nake roƙo, abu huɗu ne.

Na ɗaya, mu da za mu zama iyaye, kada mu tsaga fuskar jariri. Makwabciyarmu Najeriya ta sa haramcin yi wa yaro zane ko tatuwaj cikin dokar haƙƙin yara ta 2003. Mu ba sai mun jira doka ba. Asali a koya wa yaro shi da baki, a kai shi Tsibiri ya ga gidan kakanninshi, a ba shi kirarinsu.

Na biyu, kada mu yi faɗa da wanzamai. Sana'ar gado ce, su ke askin suna, su ke kaciya, mutane sun yarda da su. Ranar sunan ɗanka ka sayi sabuwar reza ka miƙa mishi da girmamawa. Mutum guda, reza guda. Haka ma a shagon aski.

Na uku, kai da zuciyarka ta riga ta tafi ga tatuwaj, na san wa'azina ba lalle ya tsayar da kai ba. To ka jira shekara guda, ka gani ko sunan da kake son rubutawa yana nan a ranka. In ba ka kai 18 ba, ka manta da zancen. Kada ka yarda da allurar da ba a gabanka aka buɗe ta ba, ko tawadar da aka tsoma wa wani. In kuma ka riga ka yi, je ka auna ciwon hanta da SIDA. Nau'in B yana da rigakafi, allura uku ce. Duk gidanmu mun auna, ni ba ni da shi, na yi allurata.

Na huɗu, mu daina yanke wa mutum hukunci daga fatarshi. Ku da kuka kalli fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, kun ga samarin Kara-Kara da tabon da ke jikinsu, kun kuma ji abin da suke faɗa da aka tsaya aka saurare su. In za ka ba mutum ɗiya ko aiki, tambayi maƙwabtanshi, tambayi waɗanda suka ba shi amana.

Ƙanena yana zuwa awo duk wata shida, yana kan babur ɗinshi, yana neman na huɗun nan. Ni kuma in Allah Ya ba ni ɗa, zan gaya mishi shi Bagobiri ne, in nuna mishi fuskata ya ƙirga da yatsa. Tashi fuskar kuwa zan bar mishi ita yadda ta zo.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, mai zane da marar zane duka.