TSABTAR INJIN NUMFASHIN BARCI: JAWABIN DA WANI ƊAN UWA FALKEN GORO YA GABATAR A TARON WATA

 

Jama'a, ni ba likita ba ne, kun san sana'ata goro ce. Abin da ya sa Shugaba ya ce in tashi in yi magana shi ne, yau shekara huɗu ke nan ina kwana da injin numfashi, kuma na san akwai irina cikin zauren nan, wasu kunya ce kawai ta hana su faɗa.

Da farko, mene ne ciwon? Wato mutum yana barci sai naman maƙogwaronsa ya saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye, sai ya zabura da wani irin minshari, ya koma barci bai ma san an yi ba. Haka za a yi ta yi har asuba. Da rana sai gyangyaɗi a rumfa da ciwon kai, ga hawan jini yana biyo baya. Direbobinmu masu dogon zango su ne abin ji, don gyangyaɗi kan sitiyari ba ya ba da sanarwa. Injin da ake bayarwa, likitoci na ce masa Sifaf. Wani likita, Colin Sullivan, shi ya ƙirƙiro shi a Sidini ta ƙasar Ostireliya, ya bayyana sakamakon aikinsa a 1981. Iska kawai yake turowa ta tiyo zuwa takunkumin da ke hancinka, don kada hanyar ta rufe.

To, ga inda na yi kuskure. Da na samu injin barci ya yi daɗi, sai na sake. Wata biyu cikin damina ban wanke tiyo ba, ruwan da ke ɗan tankin ma ƙari kawai nake yi a kan na jiya. Sai mura ta ƙi ƙarewa, tari ya biyo, ƙuraje suka feso mini a karan hanci. Da na koma asibiti likita ya ce in kawo injin. Ya ɗaga tiyon ya haska, wallahi baƙin fumfuna ne ɗigo-ɗigo a ciki. Ya ce, "Alhaji, za ka yi alwala da butar da ta yi gansakuka?" Na ce a'a. Ya ce, "To wannan cikin huhunka yake shiga, dare bakwai a mako." Na rasa ta cewa.

Ku duba yanayin garin nan. Mu da ke ajiye goro mun san abin da laima da zafi ke yi wa huhun goro idan ba a juya shi an sake ganye ba. Haka injin nan yake: ruwa mai ɗumi, tiyo mai duhu, ga maiƙon fuska da yawu. Wurin da ƙwayoyin cuta ke so ke nan. Ban ce duk mai injin da ya yi datti zai kwanta asibiti ba. Galibi abin da ake gani shi ne ƙuraje, toshewar hanci, wari da tari. Amma tsofaffi, da masu ciwon suga, da masu asma ko raunin jiki, su abin na iya kaiwa ga ciwon huhu.

Ga ƙa'idar da aka ba ni, ku riƙe ta.

Kullum da safe: a goge robar takunkumin da ke taɓa fuska da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. A zubar da ragowar ruwan tanki, a bar shi buɗe ya bushe. Da dare a zuba sabo. Ruwan da ya dace shi ne tataccen ruwa na turiri da ake samu a kemis. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin farin ɓawo a tanki. Idan ya yanke maka, ka tafasa ruwa ya huce ka yi maneji kafin ka samo. Amma don Allah kada a sayi ruwan batir wurin bakanike a zuba.

Sau ɗaya a mako: ni ranar Juma'a da safe na zaɓa don kada in manta. A cire injin daga wuta, a kwance tiyo da takunkumi da maɗauri da tanki, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu maras turare, a ɗauraye sosai. A rataye tiyo baki ƙasa a inuwa ya tsane sarai kafin dare, don rana tana cinye roba. Shi kansa injin gogewa ake yi, ba a tsoma shi a ruwa. Idan kana mura, to wankin nan kullum za ka yi shi har ka warke.

Filta: a riƙa duba ta duk mako. Fara mai kamar takarda ba a wanke ta, sakewa ake yi bayan mako 2 zuwa wata guda. Ta soso kuwa a wanke ta bushe. Lokacin hunturu da ƙura, ko in ɗakinka na kusa da janareto, za ta yi baƙi da wuri. Tiyo da takunkumi kuma ana son a sake su wajen wata 3, tanki da maɗauri wata 6. Na san aljihu, amma akalla duk abin da ya tsage ko ya ƙi barin wari a rabu da shi.

Abubuwan da aka hana: bilic, da Izal, da Dettol, da sifirit, da turare. Suna lalata roba, kuma kai za ka shaƙe su. Kada a ari takunkumin wani, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya.

Sai maganar masu talla. Akwai wata na'ura da ake cewa tana tsabtace injin da iskar ozon ko da wani haske ba sai an wanke ba. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunnen jama'a a kan irinsu, saboda ozon na iya jawo tari da sarƙewar numfashi. A 2021 kuma kamfanin Philips ya janye miliyoyin injinansa, domin soson rage ƙara da ke ciki yana marmashewa, zafi da laima suna ƙara lalata shi. Saboda haka mai niyyar sayen na hannu a Ikko, ya kai wa likita ya duba kafin ya sa a hanci. Araha ba ta ado.

A ƙarshe, kada wani ya ji wannan bayani ya ajiye injinsa don tsoro. Haɗarin barinsa ya fi na dattinsa nesa ba kusa ba, kuma maganin dattin sabulu ne da minti 10. Iyayenmu mata, ku ne ke jin minsharin; in kun ji numfashin maigida yana ɗaukewa, ku matsa masa ya ga likita.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, kuskure kuwa ku yafe mini. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.