Jawabi Ga Matan Ƙungiya Kan Wata Ukun Farko Na Ciki



Mu nan Suleja mun taho da al'adarmu daga gida: mace ba ta faɗin tana da ciki, balle na fari, sai ya fito kowa ya gani. To, kunya abu ne mai kyau, amma ku ji abin da ke gudana a lokacin da muke ta ɓoyon.

Wajen mako na 6 zuciyar ɗan tayi ta fara bugawa, alhali bai kai ƙwayar wake ba. Ƙwaƙwalwa da lakar baya kuwa tun a makonnin farko ake aza tushensu. Zuwa mako na 12 ya yi hannu da ƙafa har da yatsu. Motsin nan da uwa ke ji a wata na 5, gini ya riga ya yi nisa. Saura girma da ƙosawar huhu, har mako na 40.

Abin da uwa ta sha, jiƙo ne ko ƙwayar kemis, yana iya isa gare shi ta mabiyiya. Zazzaɓin cizon sauro kuma kan rage wa jariri nauyi. Shi ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo cikin mako 12 na farko, a je sau 8 kafin haihuwa.

Malamai magidanta, Babban Asibitin Suleja ba nisa. Don Allah ku ba da izini da kuɗin mota tun ɓatan wata na farko.